Mata da Aikin Ruwa: Labari Daga Gadar High Bridge ta New York

A arewacin birnin New York na ƙasar Amurka, cikin yankin Bronx, akwai wata unguwa bisa tudu da ake kira Highbridge. Unguwa ce ta masu ƙaramin ƙarfi. Galibin mazaunanta a yau 'yan asalin tsibiran Karibiyan ne da baƙar fatan Amurka, sa'an nan ga baƙi daga Afirka ta Yamma masu yawan gaske, har wanda ya bi titunanta yakan ji Mandinka da Soninke da Fulatanci, wani lokaci ma Hausa ta ratsa kunnensa. Unguwar ta samo sunanta daga wata tsohuwar gada da ta haɗa ta da tsibirin Manhattan. Ma'anar sunan ita ce doguwar gada, kuma duk birnin babu gadar da ta kai ta shekaru. Abin da baƙo ba zai gane da ido ba shi ne, ba domin mutane ko keken doki aka gina ta ba. Domin ruwan sha aka gina ta.

A farkon ƙarni na 19 mutanen New York daga rijiyoyi suke sha, rijiyoyin kuwa sun gurɓace da ƙazantar gari. Mai hali yakan sayi ruwa daga masu yawo da shi a amalanke, kamar dai 'yan garuwa a Kano ko Maraɗi. A 1832 annobar kwalara ta kashe mutum wajen 3,500 a garin da mazaunansa ba su wuce dubu 250 ba. A watan Disamba na 1835 kuma gobara ta cinye ɗaruruwan gine-gine, cikin sanyin da ya daskarar da ɗan ruwan da ake da shi. Tura ta kai bango, sai hukuma ta ɗauko wani injiniya mai suna John Jervis, aka datse kogin Croton, aka gina wa ruwan hanya ta dutse da jan bulo mai tsawon mil 41. Ba a sa injin tura ruwa ko ɗaya ba. Gangara aka yi wa hanyar, kimanin inci 13 a kowane mil, ruwan ya riƙa tafiya da kansa. Ya iso gari a 1842, ya haye kogin Harlem ta cikin bututu na wucin gadi, kafin a gama gadar a 1848. Tsawonta ƙafa 1,450, tsayinta bisa ruwa kimanin ƙafa 140, an kuwa ɗora ta a kan baka goma sha biyar na dutse, irin siffar da maginanmu suke kira bakan gizo.

Daga mai zana taswira har mai ɗaukar dutse, maza ne suka yi aikin, yawancin leburorin 'yan ci-rani daga ƙasar Ailan, waɗanda da dama cikinsu suka zauna a unguwar. Ba abin mamaki ba ne a wancan zamani. Amma akwai wasu abubuwa biyu da suka faru kusa da lokacin, waɗanda suke da nasaba da batunmu. A watan Yuli na shekarar da aka gama gadar, watau 1848, aka yi taron farko na neman haƙƙin mata a garin Seneca Falls na jihar New York, ɗaya daga cikin shugabannin taron kuwa ita ce Elizabeth Cady Stanton. Mai karatu ya riƙe wannan suna. Bayan shekara huɗu, a watan Nuwamba na 1852, wasu mutum goma sha biyu suka taru a ofishin babban injiniyan ruwan Croton suka kafa Ƙungiyar Injiniyoyin Gine-gine ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta ASCE.

Ya kamata a yi bayanin abin da ya sa irin wannan ƙungiya take da nauyi. Injiniyan da zai gina madatsar ruwa ko gada, rayukan dubban mutane ke hannunsa, saboda haka ba a ɗaukar maganarsa sai da shaida. Shaidar kuwa hawa-hawa ce: takardar jami'a, da shekarun aiki ƙarƙashin wani gwani, da amincewar 'yan'uwansa masu sana'a cewa ya isa ya sa hannu a kan taswira. Wanda aka hana shi hawa ɗaya, ko da ya fi kowa sani, sai dai ya yi aiki wani ya sa hannu. Tarihin mata cikin wannan fanni, idan aka duba shi da kyau, tarihin waɗannan ƙofofi ne da masu tsaronsu.

Misali na farko a cikin birnin aka yi shi. Lokacin da ake gina gadar Brooklyn, babban injiniya Washington Roebling ya kamu da ciwon da ke kama masu aiki cikin matsattsiyar iska a ƙarƙashin kogi, ya kwanta tun 1872. Matarsa Emily ce ta koyi lissafin igiyoyin ƙarfe da ƙarfin kayan gini, ta riƙa kai umarni wurin aiki, tana amsa tambayoyin injiniyoyi da 'yan kwangila da 'yan siyasa fiye da shekara goma, har aka buɗe gadar a 1883. Ba ta da muƙami a rubuce. A can jihar Massachusetts kuma Ellen Swallow Richards, mace ta farko da ta yi karatu a shahararriyar makarantar fasaha ta MIT, ta jagoranci gwajin ruwan sha na jihar tun daga 1887. An auna dubban kwalabe na ruwan koguna da tafkuna, aikin da ya zama tushen ƙa'idojin tsabtar ruwa na farko da wata jiha ta kafa a Amurka. Ɗakin gwaji ya fi saurin buɗe wa mata ƙofa, domin a ganin mutanen lokacin tsabta aikin mace ne.

A cikin shekarar da aka buɗe gadar Brooklyn aka haifi Nora Stanton Blatch a Ingila, jikar Elizabeth Cady Stanton ɗin nan da aka ambata. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A 1905 ta gama Jami'ar Cornell da digiri na injiniyan gine-gine, tana cikin matan farko a Amurka da suka sami irinsa, kuma ASCE ta karɓe ta a matsayin ƙaramar mamba. Ta fara aiki a wani kamfanin gina gadoji, daga nan ta koma Hukumar Samar da Ruwa ta New York, wadda aka kafa a 1905 domin janyo ruwa daga duwatsun Catskill, tun da yake ruwan Croton ya kasa wa garin. Ke nan jikar matar da ta kira taron 1848 ta zauna a teburin zane na magadan John Jervis.

Ba a bar ta ta sake ba, a gida da waje. A 1908 ta auri Lee de Forest, mutumin da sunansa ya shahara a tarihin rediyo, ta kuma taimaka masa a ɗakin bincikensa. Shi yana son ta ajiye aiki ta zauna a gida, ita kuwa ta ƙi, auren ya mutu a 1911, ta ci gaba da aikin injiniya tana renon 'yarta. Sai kuma 1916. Ƙaramin mamba yana da iyakar shekaru, idan ya kai sai ya nemi hawa na gaba ko sunansa ya fita. Ta nema, tana da takarda, tana da shekarun aiki, aka hana ta. Ta kai ƙara kotu, kotu ta ba ƙungiya gaskiya. Abin lura a nan shi ne ƙungiyar ba ta damu da mace tana ƙarama ba. Da ta zo matakin da za ta zama daidai da sauran, a nan aka tare ta. Sai a 1927 aka karɓi mace ta farko a cikakken matsayi, Elsie Eaves, sai kuma a 2004 mace ta farko, Patricia Galloway, ta shugabanci ƙungiyar, shekara 152 bayan kafa ta. Nora ta rasu a 1971. A 2015 ƙungiyar ta ba ta babban matsayinta na girmamawa, bayan shekara 99 da hana ta. An dai biya bashi, amma mai bin bashin ta daɗe a ƙasa.

Dokoki biyu ne suka sauya al'amari a fannin masu digiri. Ta 1964 ta haramta nuna bambancin jinsi wajen ɗaukar ma'aikata, ta 1972 kuma ta haramta shi a makarantun da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya. Daga nan 'yan mata suka fara shiga azuzuwan injiniya da yawansu. Yau cikin injiniyoyin gine-gine shida a Amurka za a sami mace kusan ɗaya.

Ita hukumar da ke riƙe da ruwan New York a yanzu, Ma'aikatar Kare Muhalli ta birnin, ba ƙaramar daula ba ce. Tana ba mutum fiye da miliyan takwas ruwa kimanin galan biliyan ɗaya kowace rana daga madatsu 19 da tafkuna uku, tana kula da bututun ruwa mil 7,000 da masana'antu 14 na tace ruwan ƙazanta, ma'aikatanta kuwa wajen 6,000. A 1994 aka naɗa Marilyn Gelber ta shugabance ta, ta tarar da rigima mai zafi. Gwamnatin tarayya tana neman birnin ya gina wurin tace ruwan Catskill da na Delaware a kan biliyoyin daloli, in ba haka ba ya tabbatar ruwan ba zai gurɓace tun daga tushe ba. Manoma da ƙananan garuruwan da ke kewaye da madatsun kuwa suna jin haushin birnin tun zamanin da aka tashi ƙauyukan kakanninsu aka cika wurin da ruwa. Gelber ta riƙa tafiya can da kanta tana zama da shugabanninsu. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1997, bayan ta bar kujerar, ta tsaya a kan cewa birnin zai sayi filaye daga wanda ya yarda ya sayar, ya biya kuɗin gyaran hanyoyin ƙazanta na garuruwan, ya taimaki manoma su kiyaye kashin shanu daga rafuka. Har yanzu masana a ƙasashe da dama suna kafa misali da ita.

Emily Lloyd ta riƙe ma'aikatar sau biyu, daga 2005 zuwa 2008, da kuma daga 2014 zuwa 2016. A zamaninta na biyu, cikin 2015, aka fara aiki da masana'antar tace ruwan Croton da aka gina a ƙarƙashin filin wasan golf a Bronx, a kan dala biliyan uku da 'yan kai. A watan Yuni na shekarar kuma aka sake buɗe gadar High Bridge ga masu tafiya a ƙasa. Ruwa ya daina bi ta cikinta tun tsakiyar ƙarni na 20, an kuma rufe ta fiye da shekara arba'in, sai da aka kashe sama da dala miliyan 60 wajen gyara. Sai dai a lura, Gelber da Lloyd duka ta hanyar tsara birane da mulki suka hau, ba ta tsanin injiniyoyi ba. An ɗan jima kafin injiniyoyi mata su riƙe manyan sassan fasaha, kamar Pam Elardo da aka ba sashen tace ruwan ƙazanta a 2016.

Duk wannan labarin ofis ne da teburin zane. Ƙofar da ta fi tauri tana ƙasa, cikin rami, inda ake haƙa, ake haɗa bututu, ake walda, ake zuba kankare. Cikin masu irin waɗannan sana'o'i na hannu a Amurka, mata ba su wuce kimanin 4 cikin 100 ba. Mutane sukan ce ai aikin ƙarfi ne. Akwai ƙamshin gaskiya, amma inji ya ɗauke mafi yawan nauyin tun da daɗewa, kuma wanda ya ga macen ƙauye ta ɗauko tulu daga rafi mai nisan mil biyu, ko ya ga mata suna daɓe tun hantsi har la'asar, ba zai yi saurin karɓar wannan hujja ba. Dalilin da ya fi ƙarfi shi ne yadda ake shiga sana'ar. A New York manyan ayyukan gwamnati a hannun ƙungiyoyin ƙwadago suke, hanyar shiga kuwa ita ce koyon sana'a ƙarƙashinsu, shekara uku zuwa biyar, ana koyo ana biyan mai koyo. Shekaru da yawa labarin buɗe rajista a bakin uba yake zuwa kunnen ɗa, ko kawu ya kai ɗan 'yar'uwarsa. Bahaushe ya san wannan sarai, domin haka ƙira da gini da jima suke a wurinmu, gado ne. Zuriyar Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya kusan zamani ɗaya da gadar High Bridge, sun daɗe suna riƙe da sarautar magina. Gado yana adana gwaninta, amma yakan bar wanda ba ɗan gida ba a waje, kuma a New York waɗanda aka bari a waje su ne baƙar fata da mata.

A 1978 gwamnatin tarayya ta sa ƙa'ida cewa 'yan kwangilar da ke cin kuɗinta su yi ƙoƙari mata su sami kashi 6.9 cikin 100 na sa'o'in aiki. An yi wa ƙa'idar riƙon sakainar kashi, ƙasar ba ta taɓa cika adadin ba, kuma a watan Janairu na 2025 aka soke umarnin shugaban ƙasa da ta dogara a kansa. Abin da ya fi yin tasiri shi ne ƙananan makarantun share fage. A 1978 ɗin aka kafa wata ƙungiya a New York da ake kira NEW a taƙaice, wadda take ɗaukar mata ta koya musu lissafin awo da riƙe kayan aiki da ɗaga nauyi na 'yan makonni kyauta, sa'an nan ta miƙa su ga ƙungiyoyin ƙwadago. Watau ta zame musu kawun da ba su da shi. Ga matan unguwa irin Highbridge wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da yawansu aikin jinyar tsofaffi a gidaje suke yi, ko kitso, ko shara a ofisoshi, ayyukan da ladansu kaɗan ne. A sana'ar da ƙungiya ta tsara kuwa, albashin kowane mataki a rubuce yake, ɗaya ne ga mace da namiji, ga inshorar lafiya ga fansho, ba a kuma neman digiri.

Shiga daban, zama daban. Abubuwan da ke korar mace daga wurin aiki sau da yawa ba su kai a rubuta su a jarida ba: babu makewayi na mata, aiki yana farawa da ƙarfe bakwai na safe alhali wurin renon yara bai buɗe ba, safar hannu da ɗamarar tsaro an ɗinka su da awon ƙato, wanda kuwa ɗamara ta yi masa yawa a saman gini ransa na cikin haɗari. Sai a farkon 2025 dokar tarayya ta fito fili ta ce dole kayan kariya na masu gini su dace da jikin mai sa su. Ga kuma zolaya da cin fuska ga wadda ta kasance ita kaɗai cikin maza hamsin, da maigidan da zai bar ta tana riƙe tuta a bakin titi shekara guda ba ta taɓa injin da ta zo koyo ba.

Masu haƙa hanyoyin ruwa na ƙarƙashin ƙasa su ne suka fi kowa riƙo da al'ada. Laƙabinsu da Turanci sandhogs, watau aladun rairayi, kuma suna alfahari da shi. Tun 1970 suke haƙa babbar hanyar ruwa ta uku ta birnin, aikin da ya ci rayuka fiye da ashirin. A ƙasashe da yawa masu wannan sana'a sun daɗe da camfin cewa shigar mace rami tana jawo tsautsayi, amma kuma al'adarsu ce su raɗa wa injin haƙa sunan mace. Da aka tashi gyaran hanyar ruwa ta Delaware, mai tsawon mil 85, wadda ke kawo kusan rabin ruwan birnin kuma take yoyon miliyoyin galan kowace rana, sai aka kawo wani ƙaton inji domin ya haƙa sabuwar hanya mil biyu da rabi, ƙafa 600 ƙarƙashin kogin Hudson. Aka sa masa suna Nora. Ya gama haƙar a watan Agusta na 2019.

Buƙata ma tana tura masu ɗaukar aiki. Wani bincike na cibiyar Brookings a 2018 ya ƙiyasta ma'aikatan fannin ruwa a Amurka miliyan 1.7, kashi 85 cikin 100 maza, da yawansu kuma sun doshi ritaya. Dokar 2021 ta ware dala biliyan 55 domin ayyukan ruwa, ciki har da cire tsofaffin bututun dalma. Kuɗi ba ya haɗa bututu, sai da hannu.

Idan muka waiwayo gida, lamarin yana da wata fuska. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 ya nuna cewa cikin gidaje goma da ba su da ruwa a harabarsu, a bakwai mata da 'yan mata ne ke ɗebowa. Su suka san rijiyar da ke ƙafewa da bazara, da famfon da ke kawo ruwa mai tsami, da hanyar da ba ta biyuwa bayan magariba. Amma da Bankin Duniya ya bincika hukumomin ruwa 64 a ƙasashe 28 a 2019, ya tarar mata kashi 18 ne kawai cikin 100 na ma'aikata, cikin injiniyoyi da manajoji kuma kashi 23. Dalilan da rahoton ya kawo ba su yi nisa da na New York ba: 'yan mata kaɗan ke karatun fasaha, labarin gurbin aiki ba ya isa gare su, wurin aikin kuma ba a shirya shi da tunanin mace za ta zo ba. Ba don tarihi ya rasa misali ba. Alhazai sun san sunan Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, wadda ta sa aka janyo ruwa zuwa Makka aka kuma haƙa rijiyoyi da tafkuna a kan hanyar mahajjata daga Iraƙi, shekara fiye da dubu ɗaya kafin Jervis. Sai dai ita mai ba da umarni ce da dukiya. Wadda za ta auna gangara, ta gwada ruwa a Tamburawa ko Challawa, ta kwance famfon burtsatse ta mayar, ita ce har yanzu ake nema.

A Nijeriya injiniya Joanna Maduka da wasu 'yan'uwanta mata suka kafa ƙungiyar injiniyoyi mata ta APWEN a 1982, babban aikinta kuwa shi ne bin makarantu tana jan hankalin 'yan mata ga lissafi da kimiyya. Sarah Ochekpe ta riƙe Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta tarayya daga 2011 zuwa 2015. Ita kuwa Ƙungiyar Injiniyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a London a 1958, ta rantsar da shugabarta mace ta farko, Margaret Oguntala, a watan Janairu na 2024, bayan shekara 66.